Bauchi na kiran masu jari: Me baƙon ke dubawa kafin ya sauke kaya?

Ranar kasuwar shanu a Mararrabar Liman Katagum, kan hanyar Dass, da la'asar sakaliya lodi ke kankama. Tirela ta ja da baya ta manna gindinta da tudu, samari su taru a kan bijimi, wani a ƙaho wani a wutsiya, a cusa shi ciki da ihu da tsumagiya. In mota ta cika, 'yan rakiya su haye saman katako su ɗaure kai da rawani saboda iska. Kafin magariba an kama hanyar Kudu.

Kwana biyu ne, wani lokaci uku, kafin Legas ko Fatakwal. Saniyar da ta bar gida da tozo tsaye takan isa a rame, wata ma a hanya ake sa mata wuƙa don kada ta zama mushe. Can za a yanka, can za a feɗe, can za a ci kuɗin nama da fata da ƙashi da ƙaho. Duk wanda zai sami aiki a jikin wannan saniya, in ka cire dillali da direba, a can yake.

Abin da ke ƙona rai shi ne, a cikin garin Bauchi akwai kamfanin sarrafa nama da aka kafa tun shekarun 1960 domin ainihin wannan aiki. Gwamnati bayan gwamnati ta yi alkawarin tayar da shi. Shanun dai suna nan suna wucewa.

Shi ya sa ko a teburin mai shayi a Wunti, ko a rumfunan kasuwar Muda Lawal, da zarar hira ta biyo ta kan rashin aikin yi, sai an zo kan tambaya ɗaya: ina masana'antu? Yaron da ya gama injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa yana jan Keke Napep, ɗan'uwansa na Kwalejin Tatari Ali yana zaune ƙarƙashin lema da na'urar POS. Ga ƙasa, ga hannu, ga ma'adinai. To me ya hana masu kuɗi zuwa?

Taron Oktoba

Ba a ce gwamnati ta naɗe hannu ba. A watan Oktoban 2025 gwamnatin Sanata Bala Abdulƙadir Mohammed, Ƙauran Bauchi, ta shirya babban taron masu zuba jari a sabon zauren taro na Sir Ahmadu Bello. Tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya halarta, baƙi sun zo daga ciki da wajen ƙasa, aka kuma sanar da cewa an rattaba hannu kan yarjejeniyoyin fahimtar juna da darajarsu ta haura dala biliyan 5.

Jami'an gwamnati na da hujjarsu. A wurinsu, wanda bai tallata hajarsa ba ba ya ciniki, kuma tituna da gadojin sama da aka yi a birnin su ne gyaran zaure kafin zuwan baƙo. Masu suka kuwa cewa suke yi an sha ganin irin wannan a jihohi da dama: a ɗauki hoto, a yi musafaha, baƙi su hau jirgi, shi ke nan.

Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya. Yarjejeniyar fahimtar juna ba ta ɗaure kowa. Ma'anarta kawai mun gana, mun kuma yarda mu ci gaba da magana. Tsakaninta da ranar da za a ji ƙugin inji akwai tafiya, kuma a cikin wannan tafiya ne yawancin alkawura ke mutuwa.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna girman aikin. A 2023 kuɗin waje da suka shigo Najeriya da sunan jari ba su cika dala biliyan 4 ba. Kusan kashi biyu cikin uku Legas suka tsaya, Abuja ta kwashe mafi yawan ragowar, jihohi fiye da 20 ba a rubuta musu ko sisi ba. A cikin jimillar ma, wanda aka zuba don kafa kamfani ko masana'anta bai kai dala miliyan 400 ba. Sauran bashi ne da kuɗin cinikin takardun banki, masu shigowa da safe su fita da yamma. Gaskiya ne lissafin yakan bi inda hedikwatar kamfani da bankinsa suke, don haka yana ɗan tauye jihohin nesa. Amma ko an yi musu rangwame, tazarar ba ta rufuwa.

Tagwayen 1979

Wanda ke son fahimtar yadda kamfani ke zaɓen mazauni ba sai ya je Turai ba. Tsohuwar jihar Bauchi ta ishe shi makaranta.

A shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ke ambaliya, gwamnatin tarayya ta shiga haɗin gwiwa da kamfanonin ƙetare don harhaɗa motoci a gida, ta kuma rarraba su kamar rabon naman layya. Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu, Fiat a Kano. Bauchi, wadda ta zama babban birnin jiha a 1976, ta sami Steyr, kamfanin ƙasar Ostiriya mai haɗa manyan motoci da taraktoci.

Dattawan gari har yau suna tuna lokacin. Aikin Steyr abin tinƙaho ne. Mai shi ba ya shan wahalar neman aure. Turawa sun zo, an tura 'yan ƙasa koyon aiki, taraktar da aka haɗa a Bauchi ta shiga gonaki har Kudu.

A daidai wannan lokaci, wajen 1979, wata masana'anta ta fara aiki a gabashin jihar, kusa da Bajoga: simintin Ashaka, tare da kamfanin Blue Circle na Ingila.

Bambancinsu ɗaya ne, amma shi ne komai. Abin da Steyr ke ci daga Turai yake zuwa. Inji da giya da sauran sassa a akwatuna suke sauka a tashar jiragen ruwa, a yi dakonsu fiye da kilomita dubu zuwa Bauchi, a ɗaure, sannan a nemi mai saye, wanda galibi gwamnati ce. Abin da Ashaka ke ci kuwa yana ƙarƙashin ƙafarta: dutsen siminti.

Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira daga 1986, sassan da ake shigowa da su suka fi ƙarfin kamfani, gwamnatin da ke saye ita ma aljihu ya bushe. Motocin kwance na Turai suka cika kasuwa. Steyr ta yi ta jan ƙafa, aka sayar da ita ga 'yan kasuwa, amma ba ta sake komawa yadda take ba. Yawancin takwarorinta ma haka suka ƙare.

Ashaka fa? Ta sauya iyayen gida, daga Blue Circle zuwa Lafarge na Faransa, yanzu kuma kamfanin Huaxin na ƙasar Sin ya sayi kaso mafi tsoka na uwar kamfanin. Da makamashi ya yi tsada sai ta koma ga kwal ɗin Maiganga da ke kusa. Ba wanda ya yi tunanin ɗauke ta, domin ba a ɗauke dutse. Abin da ya raba ta da Bauchi ba kasuwa ba ce, taswira ce: da aka ƙirƙiro jihar Gombe a 1996 sai ta faɗa can.

Siyasa ce ta zaunar da Steyr, lissafi ne ya zaunar da Ashaka. Shi ne kuma dalilin da Ɗangote ya kafa siminti a Obajana ta jihar Kogi, BUA ta kafa a Kalambaina ta Sakkwato. Ba don an fi iya tarbar baƙi a can ba.

Kada kuma a ɗauka kusanci da kaya kaɗai ya wadatar. Masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa, tsakiyar gonakin tumatir na Kano, an buɗe ta a 2016, amma ta fi daɗewa a rufe fiye da a buɗe, saboda ba ta samun tumatirin da zai ishe ta a farashin da zai fisshe ta. Manomi in ya ga kwando ya fi tsada a kasuwa, can zai kai. Inji kuwa ba ya cin alkawari.

Mutumin da ba ya zuwa taro

Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A zumunci haka ne. A harkar jari, tabarmar ake fara ɗagawa a duba ƙarƙashinta.

Kafin babban kamfani ya sa ƙwandala, yakan turo wani wanda ba a yi wa jiniya. Ba ya hawa mumbari. Zai sauka a masauki, ya lura sau nawa aka ɗauke wuta kafin asuba. Zai je tashar manyan motoci ya tambayi direbobi nawa ne dakon kwantena zuwa Apapa, shinge nawa ne a hanya, nawa ake ajiyewa a kowane. Zai nemi wani mai ƙaramar masana'anta a gari ya ji wata nawa ya yi yana bin takardar filinsa, da kuma rasit kala nawa ake kawo masa a shekara. Rahoton wannan mutum shi ake karantawa a ɗakin yanke shawara.

Abu na farko a littafinsa wuta ce. Bauchi na ƙarƙashin kamfanin rarraba lantarki na Jos, tare da Filato da Binuwai da Gombe. A watan Afrilun 2024 ɓarayi sun kayar da turakun babban layin Jos zuwa Gombe, Arewa maso Gabas ta yi makonni a duhu. A Oktoban 2024 kuma kusan duk Arewa ta shafe fiye da mako guda babu wuta. A shekarar ce dai aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni.

Shiga kowace ƙaramar masana'antar casar shinkafa ko matsar man gyaɗa a gefen gari ka ga yadda wannan ke aiki a jiki. Ana cikin aiki sai inji ya yi gum. Yaro ya ruga bayan gini ya tayar da janareta, hayaƙi ya turnuƙe, mai wurin ya tsaya yana kallon jarkar dizal yana lissafi a zuci ko buhunan da suka rage za su biya man da za su sha. Sau da yawa sai ya ce a kashe, a jira NEPA. Ma'aikata su shimfiɗa buhu su kwanta. Ranar ta tafi.

Bututun iskar gas na AKK, mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ta Abuja da Kaduna ya bi. Bauchi ba ta kan hanyarsa. Ranar da gas ya fara isa masana'antun Kakuri da Sharaɗa da Bompai, gasar za ta ƙara tsanani. Ƙofar da ta buɗe wa jihohi ita ce dokar lantarki ta 2023, wadda ta ba su ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu. Rana kuma ba a rasa ta a Bauchi ba.

Na biyu nisa. Daga Bauchi zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas ya haura kilomita dubu. Maganin nisa tun da can jirgin ƙasa ne. Layin dogo ya iso Bauchi a 1961, ya zarce Gombe, ya kai Maiduguri a 1964. Yau ciyawa ce ta rufe shi. An ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri a 2021, amma abin da aka kammala bai wuce Fatakwal zuwa Aba ba.

A nan akwai wani abin dariya mai ciwo a tarihi. Ƙaramin layin dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya kafin yaƙin duniya na ɗaya sunan Bauchi suka sa masa, amma bai taɓa taka garin Bauchi ba. A Jos da Bukuru ya tsaya, inda kuza take. Su ma lissafi suka bi.

Filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Balewa, da aka buɗe a 2014, ya sauƙaƙa zuwan mai jari da jigilar alhazai. Amma ba a ɗora siminti ko riɗi a jirgin sama.

Launin taswira

Akwai abin da mutanen Bauchi ke ganin zalunci ne, kuma suna da gaskiya. Garin ya fi garuruwa da yawa kwanciyar hankali. Dubban da rikici ya koro daga Borno da Yobe da Filato nan suka sami mafaka. Amma a ofisoshin inshora na Landan da Dubai ba a san wannan ba. Abin da suka sani jihar tana Arewa maso Gabas, kuma gwamnatin Amurka ta sa ta cikin jihohin da take gargaɗin 'yan ƙasarta kada su je. Ba su manta da ma'aikatan kamfanin Setraco bakwai 'yan ƙasashen waje da aka sace a Jama'are a 2013 ba. Hare-haren 'yan bindiga a dazukan Alkaleri a 'yan shekarun nan sun ƙara wa wannan tsoro ƙarfi, kuma a daidai yankin da arzikin ƙarƙashin ƙasa yake.

Wani tsoron kuma ba na Bauchi ba ne, na ƙasa ne baki ɗaya. Wanda ya shigo da dala tana naira 460 a farkon 2023, ya wayi gari ta haura 1,500, ya ga jarinsa ya narke yana kallo. A 2023 ɗin GSK da Procter & Gamble suka tattara harkar sarrafa kayansu. In na Legas da Ibadan na fita, jawo sabo zuwa Bauchi sai da hujja mai ƙarfi.

Kolmani da Gwana

Hujja mafi ƙarfi ita ce wadda ta zaunar da Ashaka: abin da ba a samu sai a nan.

Ranar 22 ga Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya je Kolmani, kan iyakar Alkaleri da jihar Gombe, ya ƙaddamar da haƙar mai na farko a Arewa. An yi maganar gangar mai biliyan ɗaya, da jarin dala biliyan 3, da matatar mai, da tashar lantarki, da masana'antar taki. Murna ta cika gari. Shekaru sun shuɗe, matatar ba ta tashi ba, mutanen ƙauyukan yankin na ci gaba da tambayar inda aka kwana.

Sai kuma masana'antar siminti da kamfanin Resident Cement ya ce zai gina a gundumar Gwana, ita ma a Alkaleri, a kan kimanin dala biliyan ɗaya da rabi. A takarda, wannan shi ne irin jarin da ya dace da jihar, domin dutsen na nan, kasuwar Arewa maso Gabas da ke sake gini bayan rikici na nan. Gani dai ya kori ji.

Haka farar ƙasar Alkaleri, da ake loda ta ɗanya a kai wa masu fenti da tangaran a wasu jihohi. Haka riɗi, da akan kwasa zuwa Dawanau a Kano a tace a can kafin ya kama hanyar Sin da Japan da Turkiyya. Haka waken suya. Injin tace riɗi ba ya buƙatar dala biliyan, ba ya buƙatar Bature. Fili yake so mai takarda, da wuta tsayayya, da hanya.

Yadda wasu suka yi

Kaduna ta fara taronta na masu jari a 2016, amma ba taron ne kaɗai ba. Ta kafa hukuma guda da mai jari zai shiga ya gama komai, ta mayar da rajistar filaye kan kwamfuta. A 2017 kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasar 'yan tsaki a Chikun, aikin da aka ƙiyasta a dala miliyan 150 haɗe da na Ilori. Masara da waken suya na Arewa ne suka jawo shi, sauƙin samun fili ya tsayar da shi.

Jinkiri kuwa korar baƙo yake yi ko da ɗan gida ne. Matatar man Ɗangote a Olokola, tsakanin Ogun da Ondo, aka fara shirin gina ta. Da aka yi ta jan sa shekara da shekaru, sai ya kwashe ya koma Lekki.

Habasha ba ta da teku ko taku ɗaya, amma a 2016 ta buɗe dandalin masana'antu na Hawassa, ta gina rumfunan da kanta, ta ja wuta mai arha da ruwa, kamfanonin ɗinki na duniya suka shigo da kekunansu kawai. Da yaƙin Tigray ya sa Amurka ta janye mata rangwamen shigar da kaya a farkon 2022, wasu manyan suka fice. Nisa bai hana su zuwa ba. Rikici ne ya kore su.

Abin lura, hutun harajin da ake yawan yi wa baƙi kwaɗayi da shi na tarayya ne, ba na gwamna ba. Abin da ke hannun jiha shi ne fili, da ruwa, da hanyoyin karkara, da yawan masu rasit, da saurin kotu, yanzu kuma da wuta. A kan irin waɗannan ne shirin SABER na Bankin Duniya, mai dala miliyan 750, ke biyan jihohin da suka gyara.

Mai gona da ɗan gida

Akwai mutum biyu da ba a cika ba su kujera a zauren taro ba.

Na farko manomin da gonarsa ke kan dutsen. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, diyyar da ake biya kuma ta amfanin gona da gini ce, ba ta ƙasar kanta ba. Mutum ya gaji gona kaka da kakanni, a ƙirga masa itatuwa a ba shi abin da ba zai kai shi baɗi ba. In aka gina masana'anta 'ya'yansa suka sami aiki, da sauƙi. In aka kewaye filin da waya aka tafi, ya yi biyu babu. Kuma jarin da aka kafa a kan ƙorafin masu ƙasa ba ya barci da ido biyu. Mai jari na kirki ya san haka, shi ya sa yake tambayar yadda aka sami filin.

Na biyu ɗan kasuwar gida, mai injin shinkafa, mai gidan burodi, mai ruwan leda, mai gonar kaji. Kukansu ɗaya ne: ana shimfiɗa wa baƙo darduma, su kuwa da suka riga suka zuba abin da suka mallaka ana bin su da rasit daga ƙaramar hukuma, da jiha, da tarayya. A ganina nan ne gyara ya kamata ya fara, ba don tausayi kaɗai ba. Wancan mutumin da ba ya zuwa taro, wurin waɗannan yake zuwa tambaya. Su ne shaidun Bauchi, kuma abin da suka gani shi za su faɗa.

Saboda haka roƙon da ya dace a miƙa wa Mai Girma Gwamna da majalisar dokokin jiha mai sauƙi ne. A wallafa jerin yarjejeniyoyin Oktoban 2025 ɗaya bayan ɗaya, da sunan kamfani, da wurin da aka ba shi, da hekta nawa, da ranar da ya yi alkawarin fara aiki. Duk wata shida a fito a gaya wa jama'a wanne ya fara, wanne ya tsaya, wanne ya gudu. Wanda ya riƙe fili ya wuce wa'adi bai aza ko bulo ɗaya ba, a karɓe a mayar wa masu noma shi.